Rigar ruwa mai launin lemo

Shekarun baya, ina koyarwa a Yelwa, abokina ɗan Warra ya gayyace ni yawon Sallah kan tafkin Kainji. Malamin lissafi ne, amma bakin ruwa aka haife shi. Wai za mu tsallaka wani gungu, wato tsibiri, mu ci gasasshen kifi mu dawo kafin la'asar. Ni kuwa duk ilimina na ruwa a allo yake: ina iya zana Kwara tun daga mafarinta har teku, amma ko a fadama ban taɓa iyo ba.

Inna ba ta so tafiyar ba. Da abokina ya zo gaishe ta, sai ta ce, "Wanga yaro ko wanka yake sai ya rufe ido. Amana na ba ka." Yaron nan fa har ya fara furfura.

Na isa kwatar jirage cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci tana ƙara. Mai jirgi ya raba rigunan ruwa masu launin lemo, irin masu hana nutsewa. Kowa ya karɓa ya yi godiya, ya ninke tasa ya zauna a kai, don bencin jirgi da tauri. Zan yi yadda aka yi, abokina ya riƙe hannuna.

"Tuɓe babbar rigar, ka sa wagga."

Na ce bari in sa ta daga ciki, in ɗora shadda a kai, mutunci ya tsira.

"In shadda ta sha ruwa, ita za ta naɗe ka. Ko ka tuɓe, ko ka zauna nan ka jira mu kawo maka ƙaya."

Na tuɓe. Ya ɗaure mini igiyoyin da kansa, ya ja har sai da na yi tari. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, kai kaɗai ka ji labarin za a nutse?" Aka yi dariya, har da ni, don ba yadda zan yi.

Muna tafiya abokina yana ba ni darasi: nan goshin jirgi, can gindi inda inji yake, ga filafili, ga gorar tuƙi, ga rabin jarkar kwarfe ruwa. Ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa da ke leƙowa, ya ce kututturan itatuwan da dam ya cinye ne, kuma waɗanda ba a gani sun fi haɗari in ruwa ya ja baya. "In mun bugi ɗaya, kowa ya zauna. Kar a miƙe."

Muka kuwa buga. Ba da ƙarfi ba ma. Amma mutumin da ke kusa da ni ya zabura tsaye yana salati, jirgi ya karkata, ni da ke gefe na tafi.

Ruwan Kainji daga ciki kore ne, wannan ba ya cikin littafi. Kafin in gama tsorata, rigar ta cillo ni sama. Na kai hannu zan kama gefen jirgi, na ji muryar abokina: "Kar ka kama nan, za ka kife mu! Kwanta da baya, riƙe gora!" Ya ja ni a hankali ya zagaya da ni ta gindi, mai jirgi ya kashe inji, suka ɗago ni kamar ƙaton giwan ruwa. Hulata dai ta wuce, ina jin ta kai jihar Neja.

Da na buɗe ido sosai, dattijon nan yana kokawa da igiyoyin rigarsa, yana tambaya ta ina ake ɗaurewa.

Na koma gida cikin busasshiyar shadda, mun yi shawara ba za a faɗa ba. Inna ta dubi kaina ba hula, ta dubi jiƙaƙƙen takalmina. Sai ta juya ga abokina ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa kansa.

Har yau in na ga an zauna kan rigar ruwa sai na yi magana, a ce na cika iyayi, ban damu ba. Na san ranar nan an ba ni kunya ta ɗan lokaci aka mayar wa tsohuwa ɗanta. Shi kuwa abokina, duk ran da ya zo gidanmu, kan kifi nasa ne. In baƙi suka tambaya, Inna takan nuna shi ta ce ɗanta ne, ni kuma abokinsa.