Layin Allin da Yaya Habibu Ya Ja

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, kuma ban taɓa jin tsoron abin da ya bari ba sai wannan makon.

Malamin adabi ne a wata makarantar sakandare nan birnin Libreville, ni kuwa ɗan kanti ne a unguwar Nombakélé. Idan zai koyar da tsofaffin wasannin kwaikwayon nan da mutum ɗaya ke ja da gari guda, ba ya farawa da littafi. Alli yake ɗauka ya ja layi a ƙasa, ya tara aji duka gefe guda, ya tsayar da ɗalibi ɗaya a ɗaya gefen. Ba magana, sai kallo. Ya ce da wuya yaro ya yi minti biyar bai tsallako ba. Na taɓa tambayarsa yadda irin waɗannan mutane ke ƙarewa a wasan. Ya ce, "Kabari ko kora." Dariya na yi a lokacin.

'Yarsa Balkisu, wadda ya bar mini amana, cikin ɗalibansa ita kaɗai ta taɓa tsayawa har aka kaɗa ƙararrawa. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta ga yaran da aka kwantar saboda lalatacciyar madarar gari, wadda wani babba cikin 'yan kasuwarmu ya canza wa kwanan wata a ma'ajiyarsa ta Owendo. Da dattawanmu suka ji za ta kai maganar gaban hukuma, sai suka zo har kanti. Al'adarmu a nan, maganar gida ba ta zuwa gaban hukuma, don mu baƙi ne, in an kama ɗaya sai a binciki takardun kowa. Suka ce in tsawata mata, yau na tsawata. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, gobe zan je in faɗa."

Na san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma tsoro nake ji. Jiya a masallaci na miƙa hannu, mutum biyu suka yi kamar ba su gani ba. Ina tsoron a daina gaishe ta, ina tsoron abin da ya fi haka.

Yaya, da kana raye me za ka ce? A ajinka ƙararrawa ke sallamar yaro. A nan wa zai kaɗa mata?

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Layin nan kawai ya bari, ga shi ya ratsa tsakar gidana. Duk shekarun nan daga gefen jama'a nake yi masa addu'a. Gobe zan rufe kanti in raka ta. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ban sani ba ko zan iya minti biyar.