Kwanon da Inna ke dawo mini da shi

Salamu alaikum 'yan gida. Wata bakwai ban ce uffan a zauren nan ba, har wasu na cewa na yi kuɗi na manta da mutane. Ban yi kuɗi ba, jinya na yi. Tunda mu ya mu ne a nan, bari in faɗa yadda take.

Ga sababbin shiga: shinkafa da miyar kifi nake sayarwa a bakin kasuwar kifi ta Haɗeja. Ɗan daudu ne ni, sunan da gari ya ba mu ke nan. Rumfar da ke jikin tawa ta Bala ce, wanda muke kira Balaraba. A tukunya ɗaya muka koyi girki.

Da ƙirji ciwon ya fara. Ina cikin zuba wa mutum abinci sai zuciyata ta hau bugu kamar ana surfe. Abinci ya fita raina, ni mai dafa shi. Na rame har wando na zamewa.

Na je asibiti. Kati, layi, awon jini, na sukari, na taifot, hoton ƙirji. Gwaje-gwaje suka cinye jarin mako biyu. Jinina ya ɗan hau, sauran ƙalau. Likita ya ajiye biro ya ce, "Malam, me ke damunka a gida?"

Na ce babu komai.

Ƙarya na yi. Kwano ne ke damuna.

Kowace Juma'a nakan zuba shinkafa da tsakiyar kifi in aika wa Inna, mahaifiyata, ta hannun ƙanwata Hadiza. Kowace Juma'a kwanon na dawowa yadda ya tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Shekara huɗu.

Shi kuwa Bala, uwarsa da ƙafarta take zuwa daga Miga ranar kasuwa, ta zauna a bencinsa, ta ci, ta suɗe hannu, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ni ina gefe ina kankare tukunya kamar zan huda ta. Miyata ta fi tasa, ku tambayi duk mai ɗaukar banda a kasuwar nan. Wallahi akwai ranar da na yi fatan ƙaya ta tsaya wa tsohuwar a wuya. Allah ya yafe mini.

Bala ne ya fara gane ni. Ya ce, "Ke ƙawa, wannan ramar ba ta taifot ba ce. Ga lambar wata malama, aikinta sauraron irinmu, kuma ba ta tona asiri. Ni ma ita ta riƙe ni."

Na ce na gode, na hura murhu da takardar. Ya samu uwa, ya samu lafiya, yanzu kuma sadakar malama zai ba ni?

Sai da jiri ya kayar da ni a rumfa, miya ta ƙona mini ƙafa, sannan na sake neman lambar a wurinsa.

Ta waya muke magana, duk Laraba bayan la'asar, ina zaune a bakin kogi inda ba kunne. Zaman farko talla na yi mata: ni ba ruwana da kowa, ciniki na tafiya, gajiya ce kawai. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ni ba saye na zo yi ba, ba sai ka yaba mini kaya ba."

Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma ce in zama wani mutum dabam ba. Ta koya mini yadda zan ja numfashi in bugun ya taso. Ta tura ni wurin likitan masu damuwa. Na ji tsoron layin nan, kada wani mai cin abincina ya gan ni ya ce na taɓu. Na je dai. Maganin ya sa ni jiri mako biyu, daga baya na fara cin abinci.

Wata rana ta ce, "Ka taɓa tambayar Bala yadda uwarsa ta fara ci?"

Na ce gara in sake ƙonewa.

Mako uku ina juya maganar kafin na tambaye shi, ina yanka albasa don kada ya ga idona.

Ya yi dariya. "Tawa shekara biyu tana zuba wa awaki. Ke kuma, wace rana kike aikawa?"

"Juma'a, bayan masallaci."

"Gida cike da maza, Yayanki na zaure yana kallon mai shiga da mai fita? A gaban wa za ta ci?"

Ni da nake cewa na san kan mai saye tun daga takunsa, shekara huɗu ban san wannan ba.

Da na gaya wa Malama, ta ce, "Gwada sauya rana. Amma ko ta ci ko ba ta ci ba, maganinka za ka sha."

Na koma aikawa ranar Talata da hantsi, lokacin Yaya na gonar shinkafa. Talata ta farko kwano ya dawo cike. Ta biyu ma haka. Na yi kuka, amma ban faɗi ba. A ta huɗu Hadiza ta dire mini shi a wanke, da ƙullin daddawa a ciki.

Ta ce, "Inna ta ce miyarka ba ta jin daddawa. Wai wa ya koya maka girki?"

Har yau ba ta ce in zo gida ba. Amma ta ɗanɗana.

Na gode wa Allah, na gode wa Malama da Hadiza. Ku kuma, in gwaji ya ce ƙalau jiki ya ce a'a, ku nemi mai sauraro. Ku tambayi wanda ya taɓa zama da shi ko yana riƙe sirri kafin ku buɗe baki. Kada ku bar magani don kun ji sauƙi. Kuma kada ku hura murhu da lambar da aka ba ku.

Balaraba, na gode. Uwarki dai har yanzu ita ke zuwa benci, kuma har yanzu abin na ci na. Amma ban taɓa ganin ta kawo miki daddawa ba.