Katin Yakubu Magini

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan manta da wata Litinin ta daminar 2007 ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci mai mataki na huɗu a ɗakin kati na wani asibiti a Minna. Ku da kwamfuta ta sangarta, ku sani a zamaninmu likita ba ya duba mutum sai an yankar masa kati mai lamba an buɗe masa fayil.

A makon nan katinmu ya ƙare, ɗan kwangila bai kawo sabo ba. Masu tsohon kati suna shigewa, sababbin zuwa kuwa sai zaman benci.

Da hantsi wata mata mai suna Ladi, 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Tudun Fulani, ta riƙo mijinta Yakubu, magini a Gidan Kwano. Numfashinsa sama-sama yake. Na ce, "Madam, yana da kati?"

"Akwai, oga, akwai da yawa." Ta kwance leda ta zazzage a bakin tagata: katin zaɓe, na majami'a, na rigakafin 'yarsu, katin waya da aka riga aka kankare, har da katin bikinsu da ya yi jirwaye. "Ka zaɓa wanda zai yi."

Babu wanda zai yi. Wallahi kunya ta hana ni kallon idonta.

Na yagi bayan kwalin magani na rubuta sunansa, na kai wa shugabanmu, Alhaji Ndagi, ya sa hannu. Ko ɗagowa bai yi ba. "Malam Sani, wa ya ba ka lamba? In masu bincike suka zo, kai za ka amsa? Su jira, motar kati tana hanya." Na ruga ɓangaren gaggawa, nas ta ce in babu lamba ba ta da inda za ta rubuta magani. Kowa da hujjarsa, mutum kuma yana tafiya.

Kafin azahar Yakubu ya cika a kan bencin nan, kansa a cinyar matarsa.

Da la'asar motar ta iso. Sai ga ma'aikacin ɗakin ajiye gawa, wai su ma ba sa karɓa sai da lamba. Alhaji Ndagi ya farke ɗauri ya miƙo mini kati na farko. "Yi sauri, kada a ce mun ɓata wa mutane lokaci."

Na cike na miƙa wa Ladi. Ta jujjuya shi ta ce, "Yanzu ya samu?" Ta sa shi a ledar nan tare da sauran.

Na yi shekaru bayan haka ina yankar kati, ban ga wanda aka tuhuma ba, domin babu wanda ya karya doka. Abin da aikin ya koya mini ke nan: a wurinmu kwali ba ya jiran mutum, mutum ne ke jiran kwali, ko da ransa ko babu.