Malam Kaina da Hannun Mahauci

Ƙarfe bakwai da rabi ba ta taɓa samun Malam Kaina a hanya ba. Kafin masinja ya buɗe tagogin kotu, ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin fayil, ya kaɗe bencinsa da ke ƙasan kujerar alƙali, ya ajiye ƙamus ɗin nan nasa da roba ce kawai ta riƙe shi. Shekara talatin da ɗaya yana tafinta, yana kai wa alƙali maganar talaka da Turanci, yana sauke wa talaka Turancin lauyoyi da Hausa. Makon jiya ya yi ritaya. Kuma wallahi ko kujera ba a jera masa ba don bikin sallama!

Sunan ma tsokana ce. Magatakardar kotun ce ta laƙaba masa tun tana sabon zuwa, saboda ya hana ta sakat a kan kalma ɗaya tal, wato myself. Ta rubuta wasiƙa ta ce mai neman bayani ya tuntuɓi myself, don a ganinta ta fi kalmar me ta Turanci kwarjini. Ya karanta, ya zare tabarau.

"'Yata, wa zai tuntuɓi kanki in ba ke ba? Ni dai sai in tuntuɓe ki."

"Kai Baba, manya ma haka suke rubutawa."

"Manyan ma ki turo min su. Kalmar nan aiki biyu gare ta. Ko dai abin da na yi ya dawo kaina, kamar in ce na ƙone kaina. Ko kuma bugun ƙirji ne kawai, ni da kaina na yi. Ki cire ta ki gani. In magana ta tsaya da ƙafarta, bugun ƙirji ne. In ta faɗi, to kalmar ce abin ya auka wa."

Ta yi dariyarta, ta ɗauka surutun tsufa ne. Sai ranar da aka kawo wani mahauci.

Faɗa ne ya kaure a layin mahauta, aka yanki wani mai kaji a wuya, yana asibiti rai a hannun Allah, ba baki. Aka kama mahaucin nan da riga sharkaf da jini. Wanda ya ɗauki bayaninsa ya rubuta da Turanci, shi kuwa da ko bihim bai sani ba ya dangwala yatsa. Lauyan gwamnati ya miƙe ya karanta da ƙarfi: "I did the cutting myself."

Malam ya juya wa mahauci da Hausa. "An ce kai da kanka ka yi yankan. Haka ne?"

"Haka ne mana, kaina ne ai," in ji mahauci, yana gyaɗa kai.

Shi ke nan fa, an gama. Biron magatakarda ya riga ya fara rubuta cewa ya amsa laifi. Abin da ya rage kawai tafinta ya faɗa da Turanci, mutum ya tafi ya share shekaru a gidan yari. Amma sai ta ji shiru. Ta ɗago, ta ga Malam ya kafe hannun hagun mahaucin da ido, hannun da ke naɗe da tsumma.

"Ranka ya daɗe, ina neman izini in sake tambayarsa."

Lauya ya zabura, ya ce tafinta ba lauya ba ne. Alƙali ya leƙo ta saman tabarau. "Ka san wannan katsalandan zai iya raba ka da bencin nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To tambaye shi."

"Ɗana, maimaita min abin da ka faɗa ranar da aka kama ka. Kar ka ƙara, kar ka rage."

"Ce musu na yi na yanki kaina, Baba. Ina tsakar sara aka bangaje ni, wuƙa ta zame." Ya warware tsumman. Ɗinki tara ne reras a tafin hannunsa.

Innalillahi! Biro ya suɓuce wa magatakarda. Mutum ya ce na yanki kaina, mai rubutu ya ji na yanka da kaina. 'Yar ƙaramar "da" ɗin nan ce kaɗai tsakanin mahauci da kurkuku, kuma da hannunta ta kusa rufe masa ƙofa! A bencin baya matar mahaucin ta ɗora hannu a ka tana salati, goyonta na tsala ihu.

Malam kuwa ko gezau. Ya ce wa alƙali abin da mutumin ya faɗa shi ne I cut myself, in aka cire myself dole a tambaya wa aka yanka. Abin da aka rubuta kuwa, ko an cire ta magana tana nan tsaye da laifinta. Darasin wasiƙar nan ne sak, wanda ta yi wa dariya. Alƙali ya sa a kawo katin asibitin da aka yi ɗinkin. Bayan kwana goma sha ɗaya mai kaji ya farfaɗo, ya ce shi da mahauci ko kusa da juna ba su tsaya ba.

Kai ne, Malam, kunnen da bai taɓa gajiya ba. Kai ne ka ɗora abincin gidanka a kan kalma ɗaya saboda mutumin da ba danginka ba. Ba a ba ka lambar yabo ba, takardar gargaɗi ma aka ba ka, ka ninke ta ka sa a ƙamus.

Shi ya sa ranar ritayarka magatakarda ta cika ta batse. Ta yi ta leƙen ƙofa ko manya za su fito, ba wanda ya fito. Kana ɗaure ƙamus a bayan keke sai ga mahauci da cinyar rago a kafaɗa, yana haki. Ashe kwana uku ya yi 'yarsa tana koya masa abin da zai faɗa. Ya ƙame, ya buga ƙirji da hannun nan mai tabo.

"Baba, I come myself!"

"Came, ɗana," ka ce. "Amma myself ɗin ka ajiye ta a gurbinta."

Magatakarda ta juya baya ta fashe da kuka.

Mun gode, Malam Kaina, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu rubuta maganar wani da harshen da ba ya ji, ku sake tambaya kafin ku miƙa masa tawada ya dangwala. Ran Litinin za a sake kawo wani, kuma Malam ba ya kan bencin.