Hawainiyata a Kan Zogale

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, kawuna ya kawo mini hawainiya daga gonarsa ta Bungudu. Da damina ta yi nisa, ruwa ya ƙi ɗaukewa, sai ta yi baƙi, ta daina motsi.

Inna ta ce, "Ke ɗiyar ga, aza ta bakin murhu, ko ki yar."

"Gasa ta zan yi, Inna? Rana take so!"

Hantsi na leƙowa na ɗora ta kan zogale. Ta baje haƙarƙarinta ga rana, ta juyo ɗaya gefen. Kafin azahar ta koma koriya shar, har ta cafke fara. Inna da kanta ta janye shanyarta, kada ta tare mata rana.