Kular Baba da Gishirin Balma

Tun ranar da likita ya ɗaura wa Baba abin awo a dantse ya ce jininsa ya hau, gishiri ya shiga uku a gidanmu. Inna ta kwashe shi, har da magi, ta kulle a kwaba, sai ka ce zai fito da ƙafarsa ya faɗa tukunya. Mu yara ana barbaɗa mana namu a kwano. Baba kuwa tukunyarsa daban, lami.

Baba dillalin dabbobi ne. Kowace Alhamis yakan bar Gumel da sassafe zuwa kasuwar Maigatari, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Da can a kasuwar yake cin na rana: shinkafa da mai da yaji, balangu, a ɗora da shayin da cokali zai iya tsayuwa a cikinsa. Inna ta ce an rufe wannan babi. Ta sayo jar kula mai hawa biyu, ta ɗora mini aikin zubawa kafin in tafi makaranta, da wankewa idan ta dawo.

Aikin yana da dokoki. Dambun gero da zogale a ƙasa, a danna shi da bayan cokali don ya ɗauki da yawa. A sama dafaffen wake da albasa. Man gyaɗa kuwa sai dai a nuna wa dambun kwalbar daga nesa. In ɗaure kular da tsohon ɗankwali, in rataya masa a babur. Na taɓa ɗanɗanawa sau ɗaya. Na ba akuyarmu ragowar, ta sansana, ta dube ni, ta koma cin kwali.

"Allah ya yi miki albarka," haka Baba yake cewa idan ya karɓa, da muryar mai karɓar sammaci.

Amma kullum kular tana dawowa tas. Inna har faɗa wa maƙwabta take yi: "Malam ya saba. Dama harshe ne, abin da ka koya masa shi yake bi."

Ni kaɗai na san ba wayam take dawowa ba. Alhamis ta farko da na buɗe ta a bakin rijiya, na tarar da cuku a hawan sama, irin busasshen nan na madarar raƙumi da Buzaye ke kawowa, an naɗe shi a leda. Na waiga, ba kowa. Na cinye. Mako na gaba dabino. Na bayansa cuku kuma, da ƙulli na goriba. Ban yi dogon tunani ba. Na dai san a garinmu ba a mai da kwanon mutane haka nan, sai an saka wani abu na tukwici, kuma mutum ba ya ba kansa tukwici. Ke nan wani ne yake cin dambun, mai kunya da sanin ya kamata, Baba kuma ba ya ko buɗe kular kafin ya ɗaure ta a babur. Na ga ba a tambaye ni ba, bakina kuma a cike yake.

A cikin makonnin nan ne Baba ya fara dawowa yana dafe ƙeya. Ya kwanta a tabarma, ya ce rana ce. Inna ta zauna tana lissafin abin da ta yi ba daidai ba, har man gyaɗar da ake nuna wa dambu ta soke. Ranar da suka koma asibiti aka ce jinin bai sauka ba, ta dawo ba ta ci abinci ba.

Sai wata Alhamis kular ta dawo da nauyi. Ina murna yau dabinon da yawa, ban iya haƙurin zuwa rijiya ba, na buɗe a tsakar gida. Wani dunƙulen abu ya faɗo tim, saura kaɗan ya karya mini yatsa. Gishirin Balma ne, guntun kantu, ya kai kan jariri.

Inna ta ɗauka ta juya shi. Ta lasa.

"Malam, wannan fa?"

Baba yana alwala. Ya wanke hannu ɗaya ya fi sau bakwai.

"Tsaraba ce."

"Tsarabar gishiri, a kular mai hawan jini?"

Kafin ya haɗa wata amsar, wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma. Inna ta ce in ɗauka in buɗe murya kowa ya ji. Wani dattijo ne, abokin cinikin Baba, mai kawo raƙuma daga wajen Damagaram.

"Alo, Malam, kun isa lahiya? A gaida mini uwargida. Gishirin nan ɗan kado ne, 'yar kyauta, kar ta ji komi. Wallahi dambunta ba na biyu, sai dai na ga kamar gishiri ya yi muku wuya a Gumel."

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambayi iyali, ta tambayi raƙuma. Sannan ta ce, "Alhaji, shi abokin naka me yake ci idan ka cinye masa?"

Ya ce, "To, Hajiya, balangu dai. Cewa ya yi ke kika ce a ba ni sadaka."

Ta yi masa bayanin likita daga farko har ƙarshe. Alhaji ya yi ta salati. Ya ce shi da ya binne yayansa kan wannan ciwon, da ya sani ko loma ba zai taɓa ba. Baba dai yana tsugune da buta, har ruwan ya ƙare.

Abu biyu ne suka dami Inna, ban san wanda ya fi ba: jinin Baba, da kuma labarin da ya tsallaka iyaka cewa ba ta iya sa gishiri ba. Ta magance su tare. Ta sayo kula ta biyu, shuɗiya. Yanzu ranar Alhamis biyu nake zubawa. Shuɗiyar ta Alhaji ce, dambu da mai har yana ƙyalli, da gishirinsa na Balma da ta daka. Jar kuma ta Baba, yadda take. Sharaɗin shi ne Alhaji ba zai buɗe tasa ba sai ya ga ƙasan ta Baba da idonsa. An ce a gindin motar raƙuma suke zama, ɗaya yana tura dambu yana kallon hayaƙin mai balangu, ɗaya yana cewa, "Saura loma ukku, Malam, yunwa nike ji."

Baba ya daina dafe ƙeya. Da suka koma awo, Inna ta dawo tana raba wa yaran maƙwabta alewa.

Tukwici bai daina zuwa ba, har ƙaruwa ya yi. Sai dai a wayar nan Alhaji ya tambaya ko cukun da yake sakawa yana mata daɗi, Inna ta ce, "Sosai," tana kallona. Tun daga ranar ita take kwance ɗankwalin da kanta. Ni sai dai a miƙo mini kula biyu, wayam, da soso.