Wuyan Yaya Mamman da Injin da Baffa Ya Zaɓa

Shekara shida ke nan da aka ɗauko yayana Mamman daga fadama a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da zanen wata mata da har yau ban san ko wace ce ba. Juma'ar da ta wuce aka taru a zauren gidanmu na Talata Mafara aka yi masa addu'a, aka raba waina da goro. Ina daga cikin gida ina jin su. Duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya yake faɗa: Mamman mai ladabi, Mamman da bai taɓa maimaita magana a gaban babba ba. Wallahi sai da na ajiye ludayin da ke hannuna. Wannan ladabi da suke yabo shi na fi tsana a duk halayensa, kuma waɗanda suka ci moriyarsa su suka fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Gidanmu gidan fawa ne da turkar shanu tun kaka da kakanni. A sayo sa ramamme ranar Talata, a ɗaure shi, a ciyar da shi har ya yi tozo, a sayar ko a yanka. Yaya Mamman yana saurayi wani bijimi ya maka shi da bango a kara, kasuwar shanu. Ya tashi, amma wuyansa bai ƙara juyawa ba. In ka kira shi daga baya sai ya juyo gaba ɗayansa, kafaɗa da ƙirji, kamar mai ɗauke da tulu a ka. Muna yara mun sha yi masa tsiya da haka, mu laɓe mu kira sunansa don mu ga juyin. Babu wanda bai san wuyan Mamman ba, daga Mafara har Bakura inda na yi aure kafin mijina ya rasu na dawo gida da ɗana Murtala. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin akwai masu cewa yanzu wai ba su yi tunanin abin ba.

Da daji ya lalace da 'yan bindiga masu babura, masu yanko mana ciyawa da lauje suka daina nisa, shanu suka fara cin igiya. Sai gida ya haɗa hannu aka sayi ƙaramar tarakta, irin wadda ba ta fi keken shanu girma ba, don a riƙa yanke fadamarmu ta hanyar Maradun da safe a dawo kafin rana ta yi tsaka. Yaya Mamman ne direba, don shi kaɗai ya iya. Saura injin yankan ciyawa da za a ɗaura mata. Mai sayarwa a Gusau ya ce iri biyu ne. Akwai na baya, wanda tarakta ke ja a gindinta, a ɗaga shi a sauke. Akwai na ciki, wanda ake ratayawa a ƙarƙashinta tsakanin tayoyin gaba da na baya, daidai ƙafar direba.

Ba zan yi wa Baffa Lawali ƙarya ba, ko da yake ba na ƙaunar ganinsa. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babban gida tun da Baba ya rasu, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Na baya ya fi araha. Yana cin doguwar gamba ba ya shaƙewa, ya kwantar da ita a yi zana da ita. In an zo kan kunya sai a ɗaga shi a tsallake, in damina ta faɗi a kwance shi nan take a ɗaura garma. Na ciki kuwa ɗan gata ne: yana son fili sumul da gajeriyar ciyawa, yana daddatsa ta ƙanana, cikinsa na gogar tudu, cire shi kuma sai mutum ya kwanta a ƙasa yana fama. In ciyawa kaɗai ake dubawa, Baffa ya fi kowa gaskiya. Sai dai ba ciyawa ce za ta zauna a kan kujerar ba.

Ina bayan ƙofar zaure da kwanon fura ranar da aka yi shawarar, na ji komai. Yaya Mamman ya durƙusa ya ce, "Baffa, fadamarmu shimfiɗaɗɗa ta, harkiya ta fi yawa, shanun turka kuwa ba su ƙin datsattsar ciyawa. Na ciki in na duƙa ina ganinai, idona na gaba. Na baya sai na juya, kuma kun san wuyana. Ƙarar inji ba ta bari a ji babur. Ido ɗai garan."

Baffa ya yi dariya, sauran suka taya shi. Ya ce, "Kai Mamman, tsoro ka ji? Inji za mu saye ko magani? Na baya za a ɗauko."

Yaya ya ce, "To Baffa."

Shi ke nan. A gidanmu ƙarami yakan faɗi magana sau ɗaya a zaure. In babba ya yanke, maimaitawa rashin kunya ce, har a kai ƙararka wurin uwarka ko da kana da furfura. Da ya shigo cikin gida na tare shi a bakin rijiya, na ce haba Yaya, ka koma ka sake faɗa musu, kai za ka hau abin nan ba su ba. Ya juyo gaba ɗayansa yadda ya saba, ya ce, "Luba, na faɗi, sun jiya. In ƙara, in zama mi?" Har da murmushinsa. Wannan murmushin har yau in na tuna shi haushi ke fara zuwa mini kafin hawaye.

Ya yi damina ɗaya da kaka ɗaya yana yanka da na baya. Duk wanda ya gan shi a fadama ya ga abin tausayi. Ciyawa takan naɗe a wuƙa, dutse ko kututture yakan ɓuya a ciki, dole direba ya riƙa leƙen baya. Mai lafiyayyen wuya zai waiga ya dawo kafin ƙiftawar ido. Shi sai ya ɗora gwiwa ɗaya a kan kujera, hannu ɗaya a sitiyari, ya murɗe jikinsa duka. In tarakta ta nufi gari, da sauƙi. In ta nufi bakin daji, ƙeyarsa ce ke kallon dajin. Da yamma ya dawo yana dafe da ƙugu, matarsa ta gasa masa da ruwan zafi. Shanu kuwa suka yi ƙiba, Baffa yana zagaya turke yana shafa tozo yana cewa kun gani ko.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, rana tas. Masu tara ciyawa da ke gefe sun hango babura suna fitowa daga cikin itatuwa. Suka yi ta ihu, suka yi ta ɗaga hannu, sannan suka ruga, ban kuma ga laifinsu ba. Shi yana murɗe yana duban wuƙa, tarakta na tafiya da shi wurin masu baburan. Waɗanda suka gudu da ƙafa duk sun tsira, don hanyar ruwa na kusa, babur ba ya tsallake ta. Da ya gani lokacin da suka gani, da ya diro ya bi su. Bai gani ba. Waɗanda suka harbe shi ba zan ɓata tawada a kansu ba, Allah ya isa tsakanina da su har gaban abada. Tarakta ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har ta kafe a gindin wata giginya, ko ita ba su ɗauka ba.

Kafin a yi sadakar uku kalmar ƙaddara ta cika gidan. Ni Musulma ce, na san kwanan Yaya ya ƙare, ko a kan tabarma yake sai ya tafi. Ba na jayayya da Ubangijina. Amma ina jayayya da mutumin da aka gaya wa haɗari ƙiri-ƙiri ya yi dariya, sannan ya dawo ya shige bayan ƙaddara ya zauna yana jan carbi. Ko sau ɗaya Baffa bai ce ai Mamman ya faɗa ba. Injin ma wanke shi aka yi aka ci gaba da aiki, aka ɗauko direban haya, wanda bai rufa wata ba ya gudu, aka sake wani.

Nakan ce da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga fadamar da muke iya shiga ta ragu, bakin dajin ya matso. Zai ga 'ya'yansa mata sun girma a gidan da ba a ambaton yadda ubansu ya mutu. Zai kuma ga wanda ke kan kujerarsa, nan ne na san murmushin nan zai ɗauke. Murtala ne, ɗana guda ɗaya tilo, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi, yanzu magidanci da mata da goyo. Direbobin haya sun ƙare, aka ce ai ɗan gida ya fi.

Bana tsohon injin ya mutu murus, aka sake zaman zaure. Murtala ya durƙusa inda kawunsa ya durƙusa, ya roƙi na ciki. Baffa ya ce ai Murtala wuyansa lafiya lau, mi zai hana shi waige? Na ji ɗana ya ja numfashi zai ce to. Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Mace ba ta shiga zauren nan in maza na shawara, ko Inna ba ta taɓa ba. Na shiga, ban durƙusa ba.

Baffa ya ce, "Ke Luba, lahiya? Wa ya kira ki?"

Na ce, "Maganar Yaya Mamman na zo in maimaita, tunda shi kun hana shi. Na ciki za a saye."

Baffa ya zuba mini ido. Ya ce, "Watau ni na kashe shi ke nan?"

Na ce, "Ban ce kai ka harbe shi ba, Baffa. Amma kai ka juya mai ƙeya ga daji, kana dariya. Yanzu kuma ɗiyana kaka so."

Ya ce a fitar da ni, Murtala ya kama hannuna yana ba ni haƙuri, kunya kamar ta kashe shi. Kada mai karatu ya zaci na ci nasara. Mako bai zagayo ba aka sauke sabon inji daga Gusau, na baya, ja wur, har da masu zuwa sa albarka. Na roƙi Murtala ya ajiye makullin, ya ce in ya ajiye me iyalinsa za su ci, kuma da wane ido zai dubi Baffa. Jinin kawunsa ne, Allah ya shirya mini shi.

To ni ma na yi shawarata, ban kuma nemi izinin kowa ba. Duk safiyar da zai fita yanka, ina bayan tarakta a kan babur ɗin maƙwabci. Akwai wani tudu a bakin hanyar ruwa ta wajen gari. Nan nake zama, fuskata ga daji, da doguwar gora a hannu da na ɗaura wa jan mayafi. In ya nufo gari yana kallona. In ya nufi daji ya waiga duban wuƙa, ni zai fara gani. Mun yi da shi, in ya ga gorar nan ta tashi, ba tambaya, ba kashe inji, ya diro ya tsallake ruwa. Sau ɗaya na ɗaga, ashe masu itace ne a kan babur, Murtala ya tsallako ruwa ya jiƙe sharkaf yana mita. Na ce ya yi ta mita, in dai yana da bakin yi. Gwiwoyina na ciwo, rana na dukana, tsoro kuma bai taɓa barina ba, don na san mai jan mayafi a kan tudu ita za a fara hangowa.

Mutane na tambaya me ya rage na Yaya Mamman. Masu zaure za su ce ladabi, su riƙe abinsu, ba na so. Abin da ya rage mini shi ne maganar da ya faɗa sau ɗaya, cewa ido kaɗai gare shi. Ina ƙaunarsa, ina kewarsa, kuma ban yafe masa "To Baffa" ɗin nan ba tukuna, ko da yake kullum ina roƙon Allah ya yafe masa komai ya haskaka kabarinsa.

Bayan addu'ar Juma'a Baffa ya aiko matarsa ta gaya mini wai ina zubar da mutuncin gida, mace da jika tana zaune a fadama kamar mai gadin tsuntsaye, gari na magana. Na ce ta koma ta gaya masa na ji. Tudun yana da faɗi, gorar ba ta da nauyi. Duk ranar da ya zo ya zauna a wurin ya fuskanci dajin da idonsa, ni zan koma ɗaki. Jiya na je, ban same shi ba. Gobe ma Murtala zai fita yanka.